Ɓarakar da ke zauren gidan hayar kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu, kuma mun san za mu ci wuri fiye da yadda aka saba, a yi mana haƙuri. Duk sanda aka taɓo zancen tsaron intanet a jaridu, yawanci yakan tsaya ne a kan 'yan damfara, da lambar sirrin katin banki, da saƙon ƙarya da ake turowa ta WhatsApp. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wani sashe can ƙarƙashi wanda mai waya ba ya gani, kuma komai taka-tsantsan ɗinsa ba zai tsare shi daga can ba. Shafin da ɗalibi ke biyan kuɗin makaranta, da manhajar asibiti, da ta ƙaramin banki, galibinsu ba a kan kwamfuta tasu ta ƙashin kansu suke zaune ba. Haya suke yi, kuma maƙwabcinsu a gidan hayar ba su san ko wane ne ba.

Ga yadda abin yake. Akan ɗauki saba guda mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da manhajoji, a yanka ta gida-gida, kowane yanki ya riƙa ɗaukar kansa a matsayin cikakkiyar kwamfuta, da babbar manhajarsa, da faifansa, da katin sadarwarsa. Masu wannan sana'a suna kiran kowane yanki baƙo, ita kuma sabar da ke ɗauke da su mai masauki. A tsakiyar babbar manhajar mai masauki akwai abin da ake kira kanel, shi ne ke rabon memori, shi ke magana da na'urori kai tsaye, kuma babu wani mai iko a samansa. Wanda ya mallaki kanel ɗin mai masauki ya mallaki kowane ɗaki a gidan. A Linux, sashen da ke wannan yankan sunansa KVM, ya shiga kanel a 2007, kuma yakan yi aiki tare da wata manhaja mai suna QEMU wadda ke kwaikwayon na'urorin da baƙo ke gani. Microsoft na da Hyper-V, akwai Xen, akwai ESXi na VMware. Alkawarinsu duka ɗaya ne: ko da baƙo mugu ne, ko ɓarawo ya shiga ɗakinsa ya karɓe shi gaba ɗaya, ba zai tsallaka katanga ba.

Katangar memori tana da ƙwari, domin ita kanta na'urar sarrafawa ta Intel ko AMD ce ke tsaronta. Inda ake samun matsala shi ne zaure. Dole baƙo ya aika saƙo waje, dole a kawo masa, kuma duk ƙunshin saƙon da zai fita sai ya bi ta hannun mai masauki. Ke nan akwai manhajar mai masauki da aikinta kullum shi ne karanta abin da baƙo ya rubuta, sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ta yi aiki da shi. Tsawon ƙunshi baƙo ne ke faɗa. Inda ƙunshin yake a memori, shi ne ke faɗa. In aka manta ba a tantance ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ba, bango ya tsage ke nan, saura ƙadangare.

Da farko, dabarar da aka yi ita ce a kwaikwayi katunan sadarwa na gaske waɗanda kowace babbar manhaja ta riga ta san direbansu, wato 'yar manhajar da ke sarrafa kowane kati, irin su Realtek RTL8139, da AMD PCnet, da Intel e1000. A 2015 aka gano kurakurai biyu a QEMU da suka zama darasi. Na RTL8139, mai lamba CVE-2015-5165 a rajistar kurakuran tsaro, lissafin ɗan firamare ne ya kuskure. Kan ƙunshin IP, wato na saƙon intanet, bayit 20 ne (bayit ma'aunin girman bayani ne), kuma a cikinsa akwai gurbin da ke faɗin tsawon ƙunshin gaba ɗaya. Manhajar takan ɗebe 20 daga wannan tsawo don ta san girman kayan da ke ciki. To in baƙo ya rubuta cewa tsawon 19 ne fa? Gurbin lissafin ba ya ɗaukar lambar da ta gaza sifili, sai ta kewayo ta zama 65,535. Nan take QEMU zai kwashi kusan kilobayit 64 na memorin kansa ya miƙa wa baƙo a matsayin saƙo. Na PCnet kuwa, CVE-2015-7504, mazubi ne mai cin bayit 4,096, a cika shi taf, sannan a ƙara masa bayit 4 na tantance lafiyar ƙunshi a ƙarshe. Waɗannan huɗun sai su zube kan adireshin da ke maƙwabtaka da mazubin. Masu bincike sun haɗa biyun, na farko ya nuna musu taswirar memori, na biyu ya ba su damar karkatar da manhajar, suka fito daga ɗakin baƙo.

Amma a lura da inda suka fito. QEMU manhaja ce kamar kowace, tana gudana a wajen kanel. In an saita mai masauki yadda ya kamata, kowane baƙo yana da QEMU nasa, ƙarƙashin asusu marar iko, kuma manhajojin tsaro na SELinux ko AppArmor sun ɗaure shi, ba ya iya buɗe faifan wani baƙon. Ɓarawo ya fito daga ɗaki ya tarar da kansa a wani ɗakin mai kwaɗo. Haka ma kuskuren e1000 na VirtualBox, wata manhajar yanka kwamfuta, da Sergey Zelenyuk ya fallasa a Nuwamban 2018: ya kai mutum cikin mai masauki, amma sai ya nemi wata kafar daban kafin ya kai ga kanel.

Kwaikwayon katin gaske yana da nawa ƙwarai, shi ya sa aka ƙirƙiro virtio, wanda Rusty Russell ya jagoranta, ya shiga Linux a 2008. A nan an daina wasan ɓuya, baƙo ya san baƙo ne. Shi da mai masauki suna tarayya a wani yanki na memori da aka tsara kamar layin jira. Baƙo zai rubuta 'yar takardar kwatance mai bayit 16: bayit 8 na adireshin inda kaya suke, 4 na tsawonsu, 2 na alamomi, 2 na lambar takardar da ke biye. Sai ya sa lambar takardar a layin abin da ya shirya, ya ƙwanƙwasa wa mai masauki. Shi kuma ya karanta, ya kwashe kayan, ya mayar da lambar a layin abin da aka gama. Layin katin sadarwa a QEMU yakan ɗauki takardu 256 in ba a canja ba, ana iya kai shi 1,024. Kowane bayit na waɗannan takardu a hannun baƙo yake, kuma yana iya canja shi a kowane lokaci, har da lokacin da mai masauki ke tsakar karantawa.

Duk da haka sauri bai ishi masu manyan sabobi ba, domin kowane ƙunshi sai ya fita daga kanel ya je QEMU, sannan ya komo kanel ya bi ta na'urar tap, wani katin sadarwa na kwaikwayo, zuwa katin gaske. A 2010, a Linux 2.6.34, aka shigo da vhost-net, aikin Michael Tsirkin na Red Hat. Aka ɗauke aikin karanta layin daga hannun QEMU, aka ba wani zaren aiki da ke gudana a cikin kanel ɗin kansa. Saurin ya samu, ba musu, kuma yau mai sarrafa baƙi da manhajar libvirt ko Proxmox da katin virtio yana kan wannan hanya ko bai sani ba. Abin da aka biya shi ne ɗaki na biyun nan mai kwaɗo. Yanzu wanda ke karɓar takardun baƙo shi ne mai riƙe da makullan gidan duka. Kuskure a nan ba SELinux ɗin da zai tare shi.

An ga haka ƙarara a Satumban 2019, lokacin da ƙungiyar Blade ta kamfanin Tencent ta bayyana CVE-2019-14835, wanda suka laƙaba wa V-gHost. Yana da kyau a bi shi daki-daki, domin ya nuna yadda irin wannan kuskure ke kwanciya shekaru ba a gan shi ba. Akwai abin da ake yi na ƙaurar da baƙo daga saba zuwa saba alhali yana kan aiki. Ana kwafar memorinsa shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4, kuma duk shafin da aka sake rubutu a kansa bayan an kwafe shi dole a sake kwafowa. Tunda vhost-net da kansa yake zuba saƙonnin da suka shigo a memorin baƙo, dole ya riƙe rajistar wuraren da ya taɓa. Rajistar tana da gurbi dubu ɗaya da 'yan kai. Masu rubuta manhajar ba su sa mata ma'auni nata na kanta ba, sun dogara da wani ma'aunin daban, wato na yawan guntayen memorin da aka karɓa, wanda shi in ya cika akan tsaya. A tunaninsu kowace takarda tana cin gurbi ɗaya a can, ɗaya a nan, don haka wancan zai cika kafin wannan ya ambaliya.

Sai aka tambaya: in takardar ta ce tsawon kayanta sifili ne fa? Takarda mai tsawon sifili ba ta cin gurbi a ma'aunin guntaye, don babu abin karɓa, amma ana rubuta ta a rajista. Kuma virtio ya yarda takarda guda ta nuna wani tebur na daban mai ɗauke da takardu har 65,536. Baƙon da ke da cikakken iko a ɗakinsa sai ya jera dubban takardun wofi, ya jira ranar ƙaura. Da zarar an kunna rajistar, kanel ɗin mai masauki zai yi ta rubutu har ya wuce ƙarshenta, ya hau kan abin da ke gaba, kuma adireshin da yake zubawa baƙon ne ya zaɓe su. Jiran ma ba lallai ya yi tsawo ba, domin wurare da yawa sukan ƙaurar da baƙi kai tsaye in saba ta yi nauyi, kuma ɗora wa saba nauyi ba abu ne mai wuya ga ɗan haya ba. Kuskuren yana nan tun 2.6.34 har zuwa jerin 5.2, shekara tara ke nan. Facin da ya toshe shi layuka ne 'yan kaɗan: kada a rubuta takarda a rajista sai in ta ci gurbi a ɗaya ma'aunin.

Wani abin dariya mai ban takaici shi ne yadda ake gyaran. Hanyar da aka saba bi wajen sabunta kanel ita ce a ƙaurar da baƙi zuwa wata saba, a kashe wannan a kunna. To ga shi ƙaurar ce ke ɗana tarkon. Wanda ya fahimci abin a lokacin, ko dai ya liƙa facin a kan kanel yana gudana, ko ya kashe baƙin gaba ɗaya ya tashe su a wata sabar, ko ya cire su daga kan vhost-net tukuna. Shi ya sa muke cewa a riƙa karanta bayanin yadda kuskure ke tashi, kada a tsaya ga makin haɗarin da aka ba shi.

Na biyu da muke so a duba da kyau ya fi wannan sauƙi, har ya ba mutum kunya. Kowane ƙunshin Ethernet yana farawa da kai mai bayit 14: shida na adireshin wanda za a kai wa, shida na mai aikawa, biyu na nau'in abin da ke ciki. A kan waya ta gaske ƙunshi ba ya gaza bayit 64, katin ne ma ke cike gibin in ya gaza. Baƙo kuwa ba waya gare shi ba, yana iya miƙo ƙunshi mai bayit goma, ko biyar. Tsohuwar hanyar da ƙunshi ke bi a direbobin tap da tun tana auna tsawon, ta jefar da duk abin da bai kai 14 ba. A 2018 aka buɗe wata sabuwar hanya ta gefe don vhost-net ya riƙa miƙa ƙunshi da yawa a tashi ɗaya, aka manta ba a kai awon can ba. A Yulin 2024 injiniyoyin Oracle suka bayyana sakamakon, CVE-2024-41090 da CVE-2024-41091. Guntun ƙunshi zai fito daga baƙo, ya bi ta vhost-net, ya wuce macvtap, ya wuce sashen vlan, kowa na zaton na bayansa ya duba, har ya isa direban mlx5 na katunan Mellanox. Shi kuma ya ɗauka ko yaushe akwai bayit 14, ya kai hannu inda babu komai, kanel ya faɗi.

Za a iya cewa ai wannan ba sata ba ce, faɗuwa ce kawai. To a lissafa. Saba guda na iya ɗaukar baƙi talatin ko hamsin. Mutum ya kama hayar ɗaki mafi arha na wata ɗaya, ya aika ƙunshi ɗaya, duk gidan ya mutu, har da rumbun bayanan da ke tsakar rubutu. A kunna, ya sake aikawa. Kuma katangar tace saƙonni da baƙi suka sa a ɗakunansu ba ta da abin cewa, domin abin bai biyo ta ƙofarsu ba.

Kada masu Windows su ce abin na 'yan Linux ne. A Hyper-V, direban vmswitch.sys ne ke haɗa baƙi da waje, kuma shi ma a cikin kanel yake zaune. Baƙo yana aika masa buƙatu iri-iri game da katinsa. Akwai wata buƙata, OID_SWITCH_NIC_REQUEST, wadda ta cikin gida ce, tsakanin sassan mai masauki, ba a taɓa nufin ta fito daga bakin baƙo ba, kuma a cikinta akwai adireshin memori. Ophir Harpaz ta Guardicore da Peleg Hadar na SafeBreach sun haɗa wata manhaja mai jefa wa direban saƙonni barkatai ba dare ba rana, suka gano cewa in baƙo ya aiko da wannan buƙata, vmswitch ba ya korarta. Wurin rubuta ta a littafin bin sawu sai ya bi adireshin da baƙon ya ba shi. In adireshin banza ne, mai masauki ya faɗi da shuɗin allo. Microsoft ya ba kuskuren, CVE-2021-28476, maki 9.9 cikin 10, ya fitar da faci a Mayun 2021. A lura, ba wurin aikin gaske aka yi tuntuɓen ba, wurin rubuta rahoto ne.

Xen ya ba da nasa darasin a Disamban 2015, a sanarwar XSA-155, daga binciken Felix Wilhelm. Mai masauki zai karanta lamba daga memorin tarayya, ya tabbatar tana cikin iyaka, sannan ya sake karanto ta don ya yi aiki da ita. Tsakanin karatun biyu baƙo ya musanya ta. Kamar mai awo ne ya auna buhu, ya juya ya ɗauko kuɗi, kafin ya waiwayo an canja buhun. Abin da ya fi ɗaure kai, a wasu wuraren mai rubuta manhajar sau ɗaya ya rubuta a karanta, manhajar da ke juya rubutunsa zuwa harshen na'ura ce ta mayar da shi sau biyu. Maganin shi ne a kwafo takardar zuwa inda baƙo ba ya kaiwa, a auna kwafin, a yi aiki da kwafin. VMware ma katinsa vmxnet3 ya sha wannan hanya: an tsallake ta kansa a gasar kutse ta GeekPwn ta 2018, an kuma sake yi a gasar Pwn2Own ta Berlin a 2025.

Akwai kuma vsock, wata ƙofar gefe da baƙo da mai masauki ke zantawa ta cikinta ba tare da katin sadarwa ba. A farkon 2021 Alexander Popov ya nuna, a CVE-2021-26708, cewa rige-rige tsakanin zaren aiki biyu a wannan sashe yana ba ƙaramin asusu cikakken iko a kan na'ura. Abin lura shi ne ba sai kana amfani da vsock ba. A ire-iren Linux da dama, da zarar wani ya nemi buɗe irin wannan kafa, kanel zai loda sashen da kansa.

Ba muna cewa a gudu daga wannan fasaha ba ne. Tsallakewa daga baƙo zuwa mai masauki aiki ne mai wuya, shi ya sa Google ya sa ladan dala 250,000 ga duk wanda ya yi shi cikakke a gasarsa ta kvmCTF. Wanda zai iya gano sabuwar kafa irin wannan ba kan sabar ƙaramar makaranta zai ƙone ta ba. Abin tsoron shi ne tsohuwar kafa, wadda an riga an wallafa bayaninta, wani lokaci har da manhajar gwaji, amma sabar tana nan yadda aka girka ta. A Fabrairun 2023 annobar ESXiArgs ta kulle dubban sabobin ESXi, da yawansu a Faransa, kuma kafar da aka fi dangantawa da ita, ta tashar 427, facinta ya fito tun Fabrairun 2021.

Ga masu riƙe da sabobi, a jami'o'i ne ko ma'aikatu ko kamfanonin ba da haya, abu na farko shi ne a san kanel ɗin da ke gudana, wanda sau da yawa ba shi ne wanda aka girka na ƙarshe ba. Umarnin uname -r shi ke faɗin gaskiya. An sha sauke sabon kanel a bar shi kwance a faifai wata da watanni don ana tsoron kashe na'ura. Kuma lambar kanel kaɗai ba ta isa hukunci ba, domin Red Hat da Ubuntu da Debian sukan ɗauko faci su liƙa a tsohuwar lamba. A duba tarihin canje-canjen ƙunshin manhajar, misali da rpm -q --changelog kernel, a nemi lambar kuskuren a ciki. QEMU ma yana da irin wannan tarko. In ka sabunta shi, baƙon da ke gudana yana nan kan tsohon. Sake kunna baƙo daga cikinsa ba ya canja komai, don QEMU ɗinsa bai mutu ba. Sai an kashe shi ɗungurungum an tashe shi, ko an ƙaurar da shi zuwa sabar da aka gyara.

Mun san dalilin tsoron. Wurare da yawa saba ɗaya ce tilo, babu ta biyu da za a kwashe baƙi a kai, kuma ga fargabar in an kashe ta faifai ya ƙi tashi. To a sa rana a kalanda, ko sau ɗaya a wata, cikin dare, bayan an ɗauki kwafin ajiya kuma an gwada cewa kwafin yana dawowa. Tsakanin ranakun akwai faci na kan gudu, kpatch na Red Hat, Livepatch na Canonical, Ksplice na Oracle, sai dai ba kowane gyara ne ke shiga ta wannan hanya ba. Wanda kuma ke kan CentOS 7 ya sani an daina yi masa faci tun 30 ga Yunin 2024, ESXi 6.5 da 6.7 kuma tallafinsu na yau da kullum ya ƙare tun Oktoban 2022. Masu VMware su bincika ko lasisinsu har yanzu yana ba su damar sauke gyara, domin tsarin ya canja bayan Broadcom ya sayi kamfanin a ƙarshen 2023.

Sai rage ƙofofi. Umarnin lsmod zai nuna ko an loda vhost_net da vhost_vsock. In babu mai buƙatar vsock, a hana lodinsa a cikin /etc/modprobe.d da layin install vhost_vsock /bin/false, a yi wa vsock kansa haka. Sa suna a baƙin jeri kawai ba ya hana a loda shi in an kira shi da sunansa. A duba kowane baƙo da virsh dumpxml, a cire rtl8139 da pcnet da e1000 in ba wata tsohuwar manhaja ce ta tilasta ba, a cire duk na'urar da ba a amfani da ita. Kuskuren VENOM na 2015 a na'urar tsohon faifan fulofi yake, abin da ba wanda ya taɓa a lokacin. Game da vhost-net kuwa, ra'ayinmu shi ne ba kowane baƙo ne ya cancanci a shigar da shi kanel ba. Baƙon da ba ka san mai shi ba, kuma zirga-zirgarsa ba ta taka kara ta karya ba, a mayar da shi hannun QEMU, da vhost=off, ko a libvirt a sa sunan direban katin ya zama qemu. Zai ƙara cin ƙarfin na'ura, saurin zai ragu, a auna a gani ko mai shi zai ma lura. Kuma wannan ba shi da amfani in an kashe SELinux ko AppArmor, abin da masu girki da yawa ke yi a ranar farko don ya daina damunsu.

Akwai ɓarnar da ba ta buƙatar kuskure ko ɗaya. Baƙi da ke kan gadar sadarwa ɗaya, in ba a hana ba, ɗaya zai iya ari adireshin wani, ko ya yi shelar cewa shi ne ƙofar fita, saƙonnin maƙwabta su riƙa bi ta hannunsa. A libvirt akwai matata mai suna clean-traffic da ke hana wannan, a Proxmox akwai tace adireshin MAC da na IP a saitin kowane baƙo. A sa wa kowane kati iyakar gudu. Hanyar da ake sarrafa mai masauki, da wadda ƙaura ke bi, kada su haɗa layi da ta baƙi, domin memorin baƙo a fili yake tafiya lokacin ƙaura in ba a kunna rufin TLS ba. Masu raba katin gaske kai tsaye ga baƙi ta SR-IOV sun kauce wa vhost-net, amma sun mayar da amanarsu kan manhajar cikin katin, don haka ita ma sai an riƙa sabunta ta, kuma dole IOMMU, mai hana kati taɓa memorin da ba nasa ba, ya kasance a kunne.

Wanda yake haya kuwa, babu facin da zai yi daga ɗakinsa ya gyara zaure. Abin da ke hannunsa shi ne ya ajiye kwafin bayanansa a wani gida daban, ya kuma yi tambaya kafin ya biya. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane sanar da hukuma cikin awa 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da su, kuma cewa laifin mai masauki ne ba zai ɗauke masa wannan nauyi ba. A tambayi mai ba da haya wace manhaja yake yanka sabar da ita kuma wace fitowa ce, kwana nawa yake ɗauka tsakanin fitowar faci mai tsanani da liƙa shi, da ko yana da sabar da zai kwashe baƙi a kai ranar gyara. In akwai bayanan marasa lafiya ko na kuɗi, a tambayi farashin saba wadda ba a haɗa ka da kowa a kanta ba. Sannan a tambaye shi yaushe rabon da ya kashe mai masaukin ya kunna. In ya amsa da alfahari cewa shekara uku ke nan ba ta taɓa mutuwa ba, a nemi ya nuna shaidar facin kan gudu, lamba bayan lamba, a fara da CVE-2024-41090.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu masu aikin kula da sabobi, masu karanta jaridarku